RA'AYINMU: Wa Zai Tsare Mana Takardun Kano?

A hutun da ya wuce, mu 'yan kwamitin shirya wannan mujalla mun bi ta gefen Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano a kan hanyarmu ta zuwa Sabon Gari wurin mai ɗab'i. Da muka hangi tsofaffin taragai a jere a kan dogo, sai ɗaya daga cikinmu ya yi tambaya cikin raha, ya ce shin wace shekara jirgi ya fara shigowa Kano? Mu shida ne, dukanmu 'yan jami'a, uku daga cikinmu ma haifaffun Fagge, amma aka rasa wanda zai ba da amsa. Muka ciro wayoyinmu, kowa ya samo tasa shekarar, gardama ta ƙaru. Sai da muka komo makaranta muka shiga laburare, wata ma'aikaciya ta saurari bukatarmu, kafin minti goma sha biyar ta ajiye mana littattafai uku a kan tebur, ta kuma nuna mana babin da za mu buɗe a kowanne. Wannan kunya da muka sha, da kuma wannan taimako da muka samu, su ne dalilin ra'ayinmu na wannan fitowa.

Ga abin da muka tarar a littattafan. Layin dogo da aka faro daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Turawan mulki sun sa rai auduga ce za ta cika taragai don masaƙun Ingila, amma manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafi suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in kasuwa ta ƙi ana iya cin ta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga cinikin, har aka kai ga dalar gyaɗa wadda ta sa sunan Kano ya zaga duniya. Saboda jirgin ne aka kafa Sabon Gari wajen 1913, don akawuna da masu sana'a da 'yan kasuwa da suka taho daga Kudu. A 1930 dogo ya zarce zuwa Nguru. A cikin Sabon Garin nan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950. Watau duk wanda yake son fahimtar arzikin Kano da siyasarta a ƙarnin da ya shige, tilas ya biyo ta wannan tasha.

To, yaya aka yi aka san duk wannan? Waɗanda suka ga zuwan jirgin farko sun daɗe da riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage shi ne takarda: rahoton Razdan, da wasiƙun kamfanoni, da lissafin buhunan da aka auna a sikeli, da saƙonnin wayar tangaraho. Sa'ad da Jan Hogendorn ya rubuta littafinsa a kan asalin cinikin gyaɗa, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1978, a kan irin waɗannan takardu ya dogara, tare da hirar da ya yi da dattawa. Sunan marubuci yana bangon littafi, kowa yana gani. Amma akwai mutanen da suka karɓi takardun nan, suka kaɗe musu ƙura, suka ba kowane fayil lamba, suka tsare su daga gara da ruwan sama shekara da shekaru a Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya. Babu mai tuna sunayensu, alhali kuwa ba don su ba da littafin bai samu ba.

A nan ne muke da ƙorafi a kanmu mu ɗalibai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da yawanmu mun raina aikin laburare. In aka ce wane an ba shi gurbin karatun ilmin laburare, sai abokai su yi masa jaje, a ce ai Lauya ya nema bai samu ba. Shi kansa sai ya shekara huɗu yana neman hanyar canja sashe. A wasu ma'aikatu kuwa, ɗakin littattafai ya zama wurin jefa ma'aikacin da aka gaji da shi, ko wanda lafiya ta yi wa ƙaranci, a miƙa masa mabuɗi ba tare da horo na ko da mako guda ba. Wasunmu sun gama sakandare a makarantun da laburarensu yake kulle tun daga aji ɗaya har fita, littattafan suna cikin kwalaye kamar yadda aka kawo su. Wanda ya tashi a haka ba abin mamaki ba ne ya ɗauka aikin bai wuce gadin kanta da hana surutu ba.

Wannan raini yana da farashi, kuma Kano ta riga ta fara biya. Malam Umar Falke, bafatake kuma malamin Tijjaniyya a wannan birni, ya rasu a 1962 ya bar tarin littattafai da takardu na Larabci da ajami fiye da 3,000. Yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka, an jera su, an yi musu kundi, ana kula da su. Ba mu ga laifin waɗanda suka adana su ba, gama sun san darajar abin da suka samu. Amma ɗalibin Kano da yake son ya san abin da malamin garinsu ya karanta sai ya nemi alfarma a hayin teku. Haka kuma littattafan hikaya na Hausa da suka cika kasuwannin Kano tun daga shekarun 1980, na su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da ɗaruruwan wasu. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya ajiye kwafi 3 a can, gwamnatin jiha kwafi 10, ta tarayya kwafi 25. Da yawa daga cikin littattafan nan ba su taɓa isa can ba, an sayar, an karanta, an yage, an ƙunshe ƙosai da su. Kundin sunayensu na shekarun 1987 zuwa 2002, wanda Graham Furniss da Malami Buba da abokin aikinsu suka tsara, a Jamus aka buga shi a 2004. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai ya yarda ya ɗaga kai ya duba.

Saboda haka bari mu bayyana mene ne ainihin aikin, mu ɗauki misali daga tashar da muka faro da ita. Buhun da aka loda a tarago ba tare da takardar kaya ba, ba lamba, ba sunan mai shi, ba sunan tashar da za a sauke shi, ɓatacce ne ko da yana nan cikin jirgi. Haka littafi yake a cikin dubban 'yan'uwansa. Aikin farko na ma'aikacin laburare shi ne zaɓe da saye, ya san abin da masu karatunsa suke bukata da kuɗin da ke hannu. Na biyu shi ne rarrabawa da rubuta kundi. Tsarin da Melvil Dewey ya fito da shi a 1876 ya kasa ilmi gida goma, daga 000 zuwa 999: littafi a kan Musulunci yana 297, sufurin jirgin ƙasa 385, harshen Hausa 493.72, tarihin Nijeriya 966.9. Yawancin jami'o'inmu kuwa suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, mai amfani da haruffa, inda tarihin Afirka yake ƙarƙashin DT. Na uku shi ne amsa tambaya, irin abin da waccan baiwar Allah ta yi mana. Na huɗu shi ne adanawa, daga ɗinkin littafi da yaƙi da gara har zuwa ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce a zuba a kwamfuta. Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da ake iyawa da ka, sai an koya.

Koyar da shi kuwa ba yau aka fara ba a ƙasar nan. Taron da Hukumar UNESCO ta kira a Ibadan a 1953 shi ya farkar da hukumomi game da laburaren jama'a. Makarantar farko ta horar da ma'aikata ta fara aiki a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1960 da taimakon Gidauniyar Carnegie, aka kafa Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya a 1962. A nan Arewa, bayan rahoton da F. A. Sharr, wani gwani daga Ostireliya, ya rubuta a 1963 a kan bukatun Jihar Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashe a 1968. Ita ce ta fara ba da digirin farko a wannan fanni a Nijeriya, a lokacin da mutanen Ibadan suke ganin sai mai digiri a wani fanni ya cancanci a koya masa. Jami'ar Bayero ta bi sahu a 1977, ta Maiduguri a 1978. Yanzu sassan suna haɗa ilmin laburare da na sarrafa bayanai, ana kuma koyar da kula da taskar tarihi da fayilolin ofis a cikinsu.

Ga wanda ya gama sakandare, ko ƙannenmu da za mu kai wa wannan mujalla gida, hanya a fili take. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Ingilishi da Lissafi, sa'an nan jarrabawar JAMB da Ingilishi da darussa uku. Darussan da ake karɓa sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a duba littafin ka'idojin JAMB na shekarar kafin a cika takarda. Karatun shekara huɗu ne, a ciki akwai watannin koyon aiki a wani laburare. Mai takardar NCE, ko difloma, ko IJMB, yana iya neman shiga kai tsaye daga aji biyu ya yi shekara uku. Akwai kuma hanyar kwalejojin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna, inda ake yin ƙaramar difloma shekara biyu, a fita a yi aiki, a komo a yi babbar difloma wata shekara biyu.

Amma a lura da bambanci guda wanda da yawa ba su sani ba sai sun kama aiki. A tsarin aikin gwamnati layi biyu ne. Akwai layin jami'an laburare, na masu difloma, waɗanda suke taimakawa wajen gudanar da aikin yau da kullum. Akwai kuma layin ƙwararru, na masu digiri, waɗanda suke farawa daga mataki na 08 kuma su ne ke iya kaiwa ga shugabanci. Dokar soja mai lamba 12 ta 1995 ta kafa Majalisar Yi wa Ma'aikatan Laburare Rajista, watau LRCN, kuma rajista a matsayin cikakken ƙwararre tana bukatar digiri a wannan fanni, na farko ko na gaba da shi. Saboda haka shawararmu ga mai difloma ita ce ya ɗauke ta matakala, kada ya ɗauke ta masauki.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuke karanta Tarihi, ko Larabci, ko Hausa, ko Shari'a, ko Kimiyya, ƙofa ba ta rufe muku ba. Bayan bautar ƙasa kuna iya neman digiri na biyu a ilmin laburare, wasu jami'o'in kai tsaye, wasu kuma sai an fara da babbar difloma ta bayan digiri. Mai irin wannan haɗin yana da daraja ta musamman, domin laburaren kotu yana son wanda ya san Shari'a, na asibitin koyarwa yana son wanda ya san kalmomin likitoci. Haka nan matasan ma'aikatan gwamnati da aka jefa su ɗakin littattafai ko rajistar fayiloli ba da son ransu ba: maimakon zaman jiran ranar da za a ɗauke ku, ku nemi hutun ƙaro ilmi, ko ku shiga karatun wucin gadi, ko na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Wurin da aka kai ku don a manta da ku yana iya zama tushen sana'arku.

Takardar shaida kaɗai ba ta isa ba, don haka ga abin da muke ganin ya kamata mai niyya ya tanada tun yana makaranta. Da farko harshe. Mu da muka yi makarantar allo da Islamiyya muna riƙe da jarin da ba mu san ƙimarsa ba. Birnin da Shaihu Magili ya zauna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa cike yake da rubuce-rubucen Larabci da ajami a gidajen malamai, kuma wanda bai iya karanta su ba ba zai iya yi musu kundi ba. Wanda ya ƙara da Faransanci kuwa ya buɗe wa kansa taskokin Yamai da Damagaram. Na biyu kwamfuta. Akwatin katuna ya ba da wuri ga manhajoji irin su Koha, kuma ma'aikacin yau tilas ya san yadda ake bincike a rumbunan mujallun ilmi na intanet, da yadda ake ajiye kundayen digiri a rumbun jami'a. Na uku aikin hannu. Ku nemi izni ku yi aikin sa kai lokacin hutu a Laburaren Murtala Muhammad, ko Gidan Ɗan Hausa, ko ma ku koma tsohuwar makarantarku ku buɗe kwalayen nan. Na huɗu hali. Aiki ne na haƙuri da tsanaki da sakin fuska, da riƙon amana, gama abin da mutum ya zo karantawa sirrinsa ne.

Ba za mu yaudare ku ba. Wanda yake neman ya yi kuɗi cikin shekara biyar ya nemi wata hanya. Albashin na gwamnati ne, kuma in kasafi ya yi ƙaranci kuɗin sayen littattafai ne ake fara yankewa. Ginin hedkwatar Laburaren Ƙasa a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya haura shekara goma sha biyar ba a kammala shi ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin da shugabanni suka ba harkar. Duk da haka wuraren aiki suna da faɗi: jami'o'i da kwalejoji, rassan Laburaren Ƙasa, hukumomin laburare na jihohi, kotuna, majalisun dokoki, Babban Banki, gidajen rediyo da talabijin, cibiyoyin bincike irin ta aikin gona da ke Samaru. A jami'a, ƙwararren ma'aikacin laburare yana cikin sahun malamai, sai ya yi bincike ya wallafa ake ƙara masa girma, kuma Shugaban Laburaren Jami'a yana cikin manyan jami'ai tare da Shugaban Jami'a da Magatakarda da Ma'aji. Hukumar Kula da Jami'o'i kuwa ba ta amincewa da wani kwas sai ta leƙa laburare ta ga abin da aka tanada masa.

Mun san wani zai ce, a zamanin da kowa ke da waya a aljihu, me za a yi da laburare? Mu ma haka muka zata kafin ranar nan ta tasha, inda wayoyi shida suka kasa raba gardama guda. Intanet tana ba ka abin da wani ya riga ya zuba mata ne kawai, gaskiya da ƙarya a cakuɗe. Takardun En'e na Kano, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da faifan waƙoƙin da ke gidajen rediyo, ba za su shiga can da ƙafarsu ba, sai wani ya tattara, ya tantance, ya yi musu kundi. In kuma ana son a ga iyakar nauyin wannan amana, a tuna da Tambutu. A farkon 2013 'yan tawaye suka ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawan dukiyar garin ta tsira domin Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa, ma'aikatan laburare ne, sun riga sun fitar da ita a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da kwalekwale, zuwa Bamako.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kano da ta sauran jihohinmu su sa ƙwararren ma'aikacin laburare a kowace babbar sakandare, su kuma ware guraben tallafin karatu don wannan fanni. Muna kira ga shugabannin ma'aikatu su daina mai da ɗakin littattafai gidan horo. Muna kira ga hukumomin manyan makarantu su kashe kason laburare na asusun TETFund a kan laburare. Muna roƙon iyalan malamai da na attajiran Fagge da Sabon Gari da cikin birni, waɗanda suka gaji akwatunan takardu, su bari a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu. Ita kuma Ƙungiyar Ɗalibai, muna ba ta shawara ta fara da kanta: ta tattara tsofaffin fitowar wannan mujalla da rahotannin tarurrukanta, ta miƙa wa laburaren jami'a.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Shi ma zai haifi nasa takardu, na filayen da aka karɓa, da diyyar da aka biya, da garuruwan da za su tashi da waɗanda za su kwanta. Wata rana jikokinmu za su tsaya a wata tasha su yi tambaya irin tamu. Ko za su sami wanda zai ajiye musu amsa a kan tebur, wannan ya dogara ga abin da wasu daga cikinmu za su rubuta a takardar neman shiga jami'a, da abin da za mu ce wa ƙanenmu in ya gaya mana ilmin laburare ya zaɓa. Muna fata za mu taya shi murna. Allah ya sa mu dace, amin.